Dandalin Jami'ul Fana, da abin da idona ya gani a Marakesh

Tafiyar nan asalinta ta Kawu ce, ni rakiya na yi. Shekara da shekaru shi ke karanta Ashafa a masallacin unguwarmu duk azumi, kuma ya daɗe yana faɗin in Allah ya hore masa sai ya je ya tsaya gaban kabarin Alƙali Iyad, mawallafin littafin, a Marakesh ta ƙasar Moroko ya yi masa sallama. Da 'ya'yansa suka haɗa masa kuɗin tafiya a ƙarshen 2024 sai akace ba zai tafi shi kaɗai ba saboda ciwon gwiwa, ni kuma ina ɗan taɓa Larabci, shikenan aka ɗora min.

Biza a Abuja muka yi ta, sun nemi takardar masauki da tikitin dawowa da bayanan banki. Hanyar Kano zuwa Abuja kuwa kowa ya santa, shinge bayan shinge da kwanar aikin titi, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Jirgi ya tashi da mu da tsakar dare, gari bai waye ba muka sauka Kasablanka. Jami'in shige da fice tambaya biyu ya yi min, ina zamu sauka kuma mene ne sana'ata, ya buga hatimi. Muka canza dala, lokacin dala ɗaya wajen dirhami 10 ce. Agogo ma ba mu taɓa ba don sanda muka je lokacinsu ɗaya da namu, amma fa da sanyi Asubarsu sai wajen ƙarfe bakwai, rana bata fitowa sai takwas ta wuce, Kawu ya yi ta duba agogo yana cewa kai wannan gari dare baya ƙarewa ne.

Tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin take, ka sauko kawai ka yanki tikiti. Mun canza jirgi a cikin Kasablanka, daga nan zuwa Marakesh kusan awa uku, kuɗin kujera mai daraja ta biyu bai kai dirhami 200 ba kowannenmu. Da farko gonaki ne kore shar, can sai ƙasa ta fara ja tana bushewa, kuma da muka kusa sai ga duwatsun Atlas daga nesa da farar ƙanƙara a kansu, ga dabino a ƙasa. Wani dattijo da ke kujerar gabanmu da yaga carbin Kawu da rawaninsa ya tambaya daga ina, mukace Kano, sai ya buɗe leda ya miƙo mana gurasa da zaitun, yaƙi yarda mu ce mun ƙoshi. Larabcinsu na gida da suke kira Darija wallahi da ƙyar nake tsintar kalma ɗaya cikin biyar, sai ya koma Larabcin littafi sannan muka fahimci juna.

Tasi ya ajiye mu a bakin filin Jami'ul Fana, babban dandalin garin, yace daga nan mota bata shiga. Wani mai kura ya ɗora jakunkunanmu muka bi shi cikin lunguna, bango ja hagu da dama, babura suna wucewa ta gefen kunnenka, wani lungun in ka miƙa hannu biyu zaka taɓa bango da bango. Duk wanda ya san lungunan cikin birnin Kano, irin su Yakasai da bayan Kurmi, ba zai ji baƙunta ba sam. Masaukin tsohon gida ne, daga waje ƙaramar ƙofa kawai ba taga, kana shiga sai tsakar gida da bishiyar lemo da ɗakuna kewaye. Dirhami 300 a dare harda karin kumallo, wata gurasa mai falle-falle da zuma da man zaitun da shayin na'a-na'a mai sukari kamar me.

Gaskiya ganina na farko da dandalin, bayan La'asar, bai burge ni ba. Fili ne kawai mai faɗi wanda ba shi da wata siffa tsayayya, ba gunki ba hasumiya a tsakiya, ba komai, gine-ginen gefensa ma ba wasu na a zo a gani ba ne. Layin kekunan masu matsa lemon zaƙi, kowane da lambarsa, kofi ɗaya dirhami 10 na sha. Masu sayar da ruwa a salka da jajayen kaya da faffaɗar malafa da kofunan tagulla a ƙirji suna kaɗa ƙararrawa. Mata masu lalle a kan 'yan kujeru. Sai masu macizai, sun shimfiɗa darduma sun zuba kumurci da kasa suna busa, kuma busar nan algaita ce sak, irin wadda ake yi wa sarki a ƙofar fada. Gardawanmu na tuna, waɗanda muke bi a baya muna yara in sun shigo unguwa da kura da maciji. Abin da bai yi min daɗi ba shine birai da sarƙa a wuya, an saka musu kaya ana ɗora su a kafaɗar mutane don hoto, dabbar kana ganin idonta ka san a wahale take. Sannan duk wanda ka ɗaga wa waya sai ka biya, ko daga nesa ne wani zai biyo ka da hula a hannu. Nace a raina to wannan ne filin da ake ta zuzutawa?

Muka wuce masallacin Kutubiyya don Magariba, tafiyar 'yan mintuna ce, ta layin da kekunan doki suke jere. Hasumiyarsa mita 77 ce, daga ko'ina a filin kana hango ta. Garin nan Murabiɗai ne suka kafa shi wajen shekarar 1070, zamanin Abubakar bin Umar da Yusuf bin Tashfin, mutanen sahara ne masu rufe fuska da rawani. A 1147 Muwahhidai suka ƙwace shi a hannunsu ƙarƙashin Abdulmumin, su ne suka gina Kutubiyya, an kuma sa masa sunan ne saboda masu sayar da littattafai da suke kewaye da shi a da. A gefensa akwai kufan masallacin farko, gindin ginshiƙai jere a fili, mutane na zama a kai suna hutawa. Bayan an sallame sai naga mutane sun matsa gaba sun zauna, aka fara karatun hizbi a tare da murya ɗaya, da ruwayar Warshu, irin dai karatun tsangaya da muka tashi muna ji. Kawu ya matsa ya shiga cikinsu ba tare da ya riƙe Alƙur'ani ba, na ga hawaye a gemunsa. Da aka gama wani ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

To fitowarmu ne na gane me ake nufi da Jami'ul Fana. Filin da na bari kusan fayau ya cika maƙil, ban san ta ina suka fito ba. An turo kekuna an kafa rumfunan abinci da benci da fitilu, hayaƙin gashi ya tashi sama har yana rufe hasumiyar, ganguna ta ko'ina, kuma mutane sun kasu da'ira da'ira, kowace da'ira da abin da ake yi a tsakiyarta. Wannan da'irar ita suke kira halƙa, kuma ita ce ran filin gaba ɗaya. Nan 'yan tsalle-tsalle sun hau kan juna, can masu kiɗan Berber da goge, can wani mai maganin gargajiya ya baza sauyoyi da ƙwan jimina da busassun ƙadangaru yana bayani da ƙarfi, can masu barkwanci mutane na ta faɗuwa da dariya. Abin da ya fi ɗaure min kai shine yawancin waɗanda ke tsaye a da'irorin nan 'yan ƙasar ne, ba Turawa ba. Turawa suna can saman benayen gidajen shayi suna ɗaukan hoto, amma a ƙasa magidanci ne da matarsa da yara a kafaɗa, samari, tsofaffi da jallabiya mai hula, mutanen ƙauye da suka sauko daga duwatsu.

Masu rumfunan abinci kam akwai naci, kowa na jan ka da kowane yare, wani da yaga kayanmu har "Alhaji" ya kira. Mai masaukinmu dama ya faɗa mana mu duba inda 'yan gari suka fi zama mu zauna nan, mu kuma tambayi kuɗi kafin a zuba. Muka sha harira, wata miya ce ta tumatir da wake da ɗan nama, ita suke buɗa-baki da ita da azumi. Sai kan rago dafaffe da gishiri da wani kayan ƙamshi da suke kira kamun. Amma abin da har yau nake tunawa shine tanjiya, nama ne da ake zubawa a ɗan tulu da man shanu da lemon tsami da aka jiƙa a gishiri da tafarnuwa, a rufe bakin da takarda a ɗaure, a kai wurin mai hura wutar gidan wanka ya binne shi a toka mai zafi ya yi awanni. A gabanmu aka kwance aka juye a faranti, naman ko tauna baya so. Akwai masu dodon koɗi a babbar tukunya, mutane sun kewaye suna zaƙulowa da tsinke suna shan romon, Kawu yace shi dai a kai kasuwa. Mu biyu abin da muka kashe a daren bai wuce dirhami 150 ba.

Mai ba da labari sai da na nema kafin na same shi, a can gefe inda hayaniya ta ɗan ragu. Tsoho ne, ba kiɗa ba komai, fitila ɗaya a ƙasa da ɗan sanda a hannu. Mutanen da suka kewaye shi ba su da yawa, na gaba a zaune na baya a tsaye. Ban fahimci rabin abin da yake cewa ba amma na gane akwai sarki da waziri da ɗiyar sarki da aka sace. Yana rage murya sai kaga kawuna sun matso, ya daka tsawa yaro ya ƙanƙame ubansa. Daidai inda labarin ya yi zafi, an zare takobi, sai ya tsaya cak, yace a yi wa Annabi salati, kowa ya amsa, ya ɗaga hannu ya fara addu'a ga iyayen duk wanda ya saka hannu a aljihu. Sulalla suka fara faɗowa kan dardumar, ya duba, ya girgiza kai alamar basu isa ba, aka yi dariya aka ƙara, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na tsaya har ya gama, ƙafata ta yi tsami ban ji ba.

Da muka koma na tambayi mai masaukin, mutum ne mai son tarihi, ya haɗa shayi muka zauna a tsakar gida. Yace tun zamanin Murabiɗai wurin nan fili ne na kasuwa a kusa da fadar sarki, nan fatake ke sauka, nan ake shelar hukuma, kuma nan ake zartar da hukuncin kisa a gaban jama'a a zamanin da. Sarkin Sa'adiyawa Ahmad al-Mansur, wanda ya yi mulki daga 1578 zuwa 1603, ya fara gina wani katafaren masallacin Juma'a a wurin, annoba ta zo, shi kansa ita ta kashe shi, ginin ya tsaya ya zama kufai har ya rushe, daga nan sunan filin, Jami'ul Fana, wato masallacin da ya rushe, ya samo asali. Kuma wanda ya fara rubuta sunan a littafi ba ɗan Moroko ba ne, Abdurrahman as-Sa'adi ne na Tumbuktu mai Tarikhus Sudan. Nan na gyara zama. Domin Mansur ɗin nan shine ya tura rundunar Judar Basha ta ƙetare sahara ta karya daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, kuma bayan haka ne aka kamo malaman Tumbuktu aka kawo su Marakesh, cikinsu harda Shehu Ahmad Baba, wanda ya zauna a garin nan yana karantarwa har aka bar shi ya koma gida a 1608.

Wannan zancen ya dawo min da safe da muka shiga kasuwa ta arewacin filin. Kusa da wani ɗan fili da ake kira Rahba Ƙadima, inda ake sayar da kayan ƙamshi da kwanduna, akwai kasuwar darduma mai rufi, kuma a nan ne aka riƙa gwanjon bayi har zuwa shigowar Faransawa a 1912. Yanzu darduma ce jibge har rufi, mai shago na ta kiran ka ka shigo ka sha shayi. Na tsaya a wurin jikina ya yi sanyi, don na san cikin waɗanda aka tsayar a nan akwai mutanen ƙasarmu. Ahmad Baba da kansa ya rubuta fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Barno da Songhai Musulmi ne, bai halatta a bautar da su ba, kaga kenan ana yi ɗin ne shi yasa aka yi tambayar.

Jikokin bayin nan su ne Ginawa, masu kiɗan da na gani a filin da huluna masu wuri da tuntu a sama da suke juyawa da kai. Da daddare na koma wurinsu na zauna. Babbansu yana kaɗa wani abu mai tsirkiya uku da aka rufe da fatar raƙumi, sautinsa mai kauri har a ƙirji kake jinsa, sauran kuma ƙarafa ne a hannunsu biyu suna haɗawa, wanda duk ya taɓa ganin sambani a hannun mata ranar Mauludi ya san su. Da suka huta na basu abin da ya sauwaƙa, ɗayansu ya tambaye ni ƙabilata nace Hausa, sai ya dafa ƙirji ya juya yana faɗa wa sauran, yace ai a waƙoƙinsu suna ambaton Hausa da Bambara da Fulani, kakanninsu ne. Ya rera min wani baiti, ban tsinci ma'ana ba, amma yadda amshin ke tafiya na san daga wajenmu ya zo. Kiɗan nasu na asali ma na kwana ne da ake yi a gida don masu iska, da turare da kaya kala-kala, wanda ya san bori ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ziyarar da ta kawo mu mun yi ta lafiya. Alƙali Iyad yana kusa da ƙofar Bab Ailan a gabashin ganuwa, ya rasu 1149, wurin ba shi da wani ƙawa, 'yan mata da tsofaffi ne kawai a zaune. Kawu ya yi sallama ya zauna ya karanta abin da ya sauwaƙa daga Ashafa da ka. Muka je wurin Imam Jazuli mai Dala'ilul Khairati, da Sidi Bil Abbas inda makafi ke taruwa ana basu sadaka. Suna cikin waliyyai bakwai da garin ke taƙama da su. A hanya muka bi ta majemar Bab Dabbag, wari kam sai da na'a-na'a a hanci, na kuma tuna cewa fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Moroko da yawanta ta jar akuyar Sakkwato ce da aka jeme a Kano.

Mun ɗan yi musu da Kawu kan filin. Shi yace bai ga dalilin da za a bar kaɗe-kaɗe da macizai a hancin masallaci irin Kutubiyya ba. Nace Kawu ai kai ma ka gani, ana fara kiran Isha'i gangunan nan suka yi tsit har aka gama. Yace ya gani, amma dai. Ni kuma abin da ke cina daban ne. Mu ma fa muna da dandali. A ƙauyen kakata in wata ya fito 'yan mata na gaɗa, samari na kokawa da langa, ranar kasuwa ga 'yan kama ga 'yan gambara ga 'yan hoto ga 'yan tauri, mai kukuma ya zauna a gindin bishiya a kewaye shi. Yanzu ɗana bai taɓa ganin ɗan kama da idonsa ba. Duk filin da ya rage a gari sai an yanka shi an yi shaguna, mai wasa in bai samu wurin tsayawa ba ina zai koya wa ɗansa? Su a nan tun 1922 aka sa dokar kare filin. A shekarun 1990 da aka so kawo gine-ginen zamani gefensa, wani marubuci ɗan Sifen mazaunin garin, Juan Goytisolo, da 'yan garin suka tashi tsaye, maganar ta kai UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2001 aka saka filin cikin rukunin farko na gadon al'adun da ba gini ba ne, wato abin da ake karewa shine mutanen da labarin da kiɗan. Duk da haka mai masaukin yace masu ba da labarin sun kusa ƙarewa, tsofaffin suna mutuwa, waya ta ɗauke yara, ga hayaniyar masu ganga ta hana a ji muryar mutum ɗaya, shi yasa na same shi a can gefe.

Filin ya ga tashin hankali ma a zamaninmu. Ranar 28 ga Afrilu 2011 bam ya tashi a gidan shayi na Argana da ke kallon filin, mutum 17 suka mutu, an sake gina wurin yana aiki. Sai girgizar ƙasar daren 8 ga Satumba 2023 wadda ta kashe kusan mutum 3,000, yawanci a ƙauyukan duwatsu. Hasumiyar ɗan masallacin Kharbush da ke gefen filin ta rufto, an nuna min wurin. Mai masaukin yace a daren nan duk unguwarsu filin suka gudo da barguna, don shine kaɗai inda ba bangon da zai faɗo maka, shi da matarsa da mahaifiyarsa a nan suka kwana a ƙasa tare da baƙin da ke gidansa, masu lemo suna raba ruwa kyauta.

Wanda zai je ya tanadi sulalla da yawa a aljihu, don kowace da'ira ka tsaya ya kamata ka ajiye wani abu, da shi suke ci, kuma ya riƙe wayarsa da kyau a cikin cunkoso. Ya tafi da rigar sanyi mai kauri in lokacin hunturu ne, Kawu sai da muka saya masa jallabiyar ulu a kasuwa, an fara da dirhami 600 muka tsaya a 350. Tasin komawa tasha mun sa ya kunna mita, kuɗin bai kai rabin abin da muka biya ranar zuwa ba. Daga nan jirgin Fas muka hau don ziyarar Shehu Tijjani, tafiyar kusan awa bakwai ta Kasablanka da Rabat da Meknes.